Gilashi a Kan Tsaga

Ranar Talata na manna siririn gilashi
a kan tsagar bangon gabas,
na rubuta kwanan wata a gefe da fensir.
In wata ya zagayo bai fashe ba, gidan a tsaye yake.
In ya fashe, tafiya yake yi,
kuma bai gaya wa kowa inda ya nufa ba.

Nan Unguja, a lungun da mutum biyu ba sa wucewa
sai ɗaya ya karkata kafaɗa,
bene hawa uku na dutsen murjani da farar ƙasa
ya shekara ɗari da hamsin yana shan iskar teku,
bai koka ba.
Sai da wani mai son alheri, shekaru talatin baya,
ya yaɓe shi da siminti, sumul,
ya toshe masa ƙofofin gumi.
Ruwan da ya saba shiga ya fita
ya shiga, ya rasa mafita.
Yanzu in na ƙwanƙwasa da bayan guduma
sai bangon ya amsa kamar ƙwarya a kife.
In na ɓamɓare, gishiri da gari
ke zubo mini cikin takalmi.

Fundi Vuai ba ya duba takarduna.
Da asuba yakan ɗora tafin hannu a bango,
ya ce, "Mwanajuma, nan yana zazzaɓi."
Na kawo na'urar awon danshi,
ta yi ƙara, ta nuna lamba
daidai inda hannunsa yake.
Ban gaya masa ba. Ya sani.

Farar ƙasarsa na kwance a rami tun bara,
ruwa a kanta, tana nuna a hankali.
Masu kuɗin aikin sun aiko da wasiƙa:
wata huɗu, ku gama, baƙi na tafe.
Na karanta masa.
Ya zura sanda a ramin, ya zaro, ya murza da yatsa,
ya ce, "Ita ba ta iya karatu ba."

Sai maganar azara.
Itacen bakin teku ne, baƙi, mai tauri,
tsawonsa ne ya yanka wa kowane ɗaki faɗinsa,
taku goma sha uku, ba daɗi.
Kawunansu sun ruɓe a cikin bango,
tsakiyarsu kuwa garau.
Dajin da aka saro su ba a shigarsa da gatari yanzu.
Ƙarfe zai ɗauki nauyin, sau uku na yi lissafin,
amma na ga abin da tsatsa ta yi a gidan maƙwabta:
ta kumbura rodi,
rodi ya tsaga dutse daga ciki.
Na kwana da takardar a ƙirji. Ban yanke ba.

A hawa na uku Bi Mtumwa ta ƙi tashi.
Matokarai goma sha shida muka kafa ƙarƙashin gadonta,
tana ratsa su da butar shayi,
tana shanya zanenta a jikin na bakwai.
Ta tare ni a matakala:
"In kun sake yaɓe, kun sake azara,
kun sake wannan da nake takawa,
gidan wa za ku mayar mini?"
Na buɗe baki,
ladan ya kira la'asar.
Ban taɓa gode wa ladan haka ba.

Jiya an kwana ana ruwa.
Indararon da muka share ya yi ta ɓarin baki har asuba.
Na hau da tocila kafin gari ya waye.
Gilashin na nan,
sai wani siririn layi a kusurwa, kamar gashi,
wanda ban tabbata ba ko tun daga shago yake.
Vuai ya bi shi da farce, ya yi shiru.

Na yanko wani,
na manna ƙasa da shi da taƙi ɗaya,
na lashi bakin fensir,
na tambaye shi yau nawa ga wata.